Hoton Inna, Sunan Ƙanwarta

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Gure, wani mutum ya zo daga Damagaram da jaka cike da takardu, ya tara mu malamai a inuwar bedi ya ce mu shiga mitiyel. Asusun lafiya ne, in ji shi. Kowane wata za a cire wani abu daga albashi, ranar da ciwo ya zo su ɗauki mafi yawan nauyin magani, na mutum da na iyalinsa da na iyayen da suka haife shi. Ya ce kowa ya kawo takardar haihuwarsa da ƙananan hotunan mutanen gidansa.

A lokacin ban yi aure ba, uba kuma ya daɗe da rasuwa. Uwa kaɗai gare ni. Ranar kasuwa na ja Inna zuwa wurin mai hoto, tana tafe tana mita wai an raba ta da dakanta a kan aikin banza. Mai hoton ya ce ta ɗan ja mayafi baya a ga kunne, ta ce masa kunnenta ba na sayarwa ba ne. Haka aka ɗauke ta, fuska a murtuke. Na haɗa hoton da takardar haihuwata na miƙa, bayan wata biyu kati ya iso.

To, Inna ba ita ta haife ni ba. Yayar mahaifiyata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma 'yar fari ce, don haka ana yaye ni aka ɗauko ni daga Gidigir aka ɗora mata a baya. A wurinmu wannan ba abin ba da labari ba ne, rabin ƙawayena haka aka yi musu. Sai da na yi wayo sosai kafin na gane cewa matar nan da ke zuwa mana daga Gidigir da ƙullin gero da kwalbar man shanu, wadda ba ta haɗa ido da ni, ita ce ta haife ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ɗiyar Yaya" take ce mini, ni kuma ina ce mata Iya, mu gaisa kamar maƙwabta.

Takardar haihuwata kuwa sunan mahaifiyata ne a ciki. Shi suka kwafa suka buga a kan katin, suka manna hoton Inna a gefensa. Na gani mana, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu. Amma wallahi ban ga wani abin gyara ba. An ce sunan uwa, ga shi nan a takarda. An ce hoton uwa, ga uwata. Na sa katin a leda na ba Inna ta jefa cikin kwallarta.

Shekara goma sha biyu muna amfani da shi a likitar Gure, wajen zazzaɓi da ciwon gwiwa da maganin ido. Majon da ke wurin, wato babban ma'aikacin jinya, ya san Inna tun yana yaro, a wajenta yake sayen ƙosai. Ba ya ko buɗe ledar, lambar kawai yake kwafa.

Ciwon ta ɓoye mini shi kusan shekara. Na gane ne ranar da na ga tana jan guga da hannun hagu, na dama a naɗe a ƙirji. Na tsare ta a ɗaki na ce sai na gani. Ta ce maruru ne, ta zage ni da Barbarci, yaren da take komawa in ranta ya ɓaci, sannan ta buɗe. Ƙullutu ne a nononta na dama, da tauri kamar ɗanyen goruba, fatar wurin duk ta tattare. Ashe ta sha saiwoyi, ta shafa kanwa da toka, ta sha rubutu, duk ina cikin gidan ina gyaran takardun yara. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

A Damagaram aka ɗebi naman wurin aka aika Yamai, muka yi mako uku muna jira. Da sakamako ya dawo likitan ya ce ciwon daji ne. Za a yanke nonon, daga nan a yi mata ƙarin ruwa na musamman da suke kira shimiyo, sau shida, duk bayan mako uku, a Yamai. Ya rubuta kuɗin kowane zagaye a bayan wata takarda ya turo mini. Na ɗauka ya yi kuskuren ƙara sifiri. Zagaye ɗaya ya fi albashina na wata biyu. Na ce masa, da ɗan alfahari ma, ai muna da mitiyel. Ya ce madalla, in je biro ɗinsu, wato ofishinsu, a buɗe mata fayil.

Matar da na samu a biron ba ta yi mini rashin kirki ba, kada in ɗauki alhakinta. Ta karɓi katin mitiyel, ta ce in kawo katin ɗan ƙasa na maras lafiya. Na ba ta na Inna. Ta jera su a kan tebur ta daɗe tana kallo.

"Madam, wace ce ba ta da lahiya?"

"Uwata. Ga ta nan a hoto."

"Hoton ɗaya ne, amma sunan biyu ne. Wannan ɗin wace ce?" Ta ɗora yatsa a kan sunan da ke katin mitiyel.

"Uwata ce."

"To wannan fa?"

"Ita ma uwata ce."

Ta cire tabarau. Na yi mata bayanin riƙo tun daga yaye, tana gyaɗa kai, har ta ce ita ma gwaggonta ce ta riƙe ta. Sai na ji sanyi, na ce an gama. Amma ta ce a wajensu uwa ita ce wadda ke cikin takardar haihuwa, ba sa biyan magani na inna ko gwaggo. Na ce shekara goma sha biyu kuna cire mini kuɗi, kuma don wannan matar na shiga, fuskarta ce a katinku. Ta ce fuskar ba ta cikin na'ura, suna ne a ciki. Na tambaye ta to wa na yi wa biyan nan duk shekarun nan? Ta ce wa mai sunan. Na ce mai sunan ko ƙwayar maganin ciwon kai ba ta taɓa sha da katin nan ba. Ta ce gara ma kada in maimaita wannan maganar a gaban shugabanta, don in aka bi diddigi duk maganin da Inna ta sha a baya ni za a ce in mayar.

Na fito ina jin kamar an juya mini gabas da yamma. Mako biyu na yi ina zarya tsakanin Gure da Damagaram, na bar ajina a hannun wata malama. Wani ya ce in kawo takardar kotu mai nuna Inna ta riƙe ni. Na je kotu, magatakarda ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wadda ta zo neman takarda a kan ɗiyar ƙanwarta ba, kuma mace mai shekara talatin da wani abu ba a yi mata takardar riƙo. Wani ya ce a shigar da Inna sabuwa da sunanta, in riƙa biya mata daban. Na yi murna kwana ɗaya. Washegari aka ce sabon shiga sai ya jira watanni kafin a fara biya masa, kuma ciwon da ya shigo da shi ba ya ciki. Na tambaya a ina aka rubuta haka, aka ba ni wani littafi na Faransanci. Na karanta shi sau uku a cikin mota, ni da nake koyar da Faransancin, ban fito da komai ba. Duk wannan lokaci Inna na kwance a Gure, an riga an yi mata aikin da kuɗin adashina da na awakinta, ciwon yankan yana warkewa, likita yana cewa kada a jinkirta ƙarin ruwan.

Wani dattijo ne a biron, ya kusa barin aiki, ya tare ni a bakin ƙofa ranar da na je karo na biyar. Ya tambaye ni ko mai sunan tana da takardar haihuwa irin ta kotu, wadda ake yi wa mutanen ƙauye da girmansu. Na ce ina jin tana da ita.

"Waccan takardar ba ta da hoto," in ji shi. "Katinmu kuma yana da hoto. A Yamai ba wanda ya san ku. Ni dai ban ce miki komi ba, ɗiyata. Allah shi ba ta lahiya."

Na gane abin da yake nufi tun kafin ya rufe baki.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Gidigir. Tunda nake ban taɓa roƙon mahaifiyata ko allura ba. Na same ta a kwari, cikin lambunsu, tana ban ruwan albasa. Muka gaisa, ta tambayi jikin Yaya. Na tsuguna a bakin rijiya na faɗa mata komai, ina ta kwana-kwana saboda kunya, ita kuma idonta na kan kwamin da take cikawa. Da na gama sai ta ajiye guga. Ta wanke hannu muka hau tudu zuwa gida, ta shiga ɗaki ta fito da takardar a naɗe cikin tsohon ɗankwali.

"Ki kai ma Yaya," ta ce. Ta ƙara mini da dabino cikin buhun leda, ta raka ni har bakin hanya.

Inna ce ta ba ni wuya. Da na yi mata bayani ta tashi zaune da ƙyar.

"Ni zan amsa sunanta? Yarinyar da na goya, na share ma majina?"

"Inna, a takarda ne kawai."

"Takardar ba mutane ke karanta ta ba? In sha magani da ƙarya, ya yi mini amfanin me?"

Na ce mata ba ƙarya ba ce, kuɗina ne, gumina ne, don ita aka yi ta cirewa. Na faɗa da ƙarfi don ni ma in ji. Gaskiya har cikin raina ban san ko sata muke shirin yi ba ko haƙƙinmu muke karɓa ta bayan gida. Na so in tambayi malamin unguwarmu, na fasa, don ina tsoron amsar da zai ba ni. Inna ta juya fuska bango ta ce in yi yadda na ga dama, tunda yanzu ni ce uwar.

A Yamai komai ya tafi yadda dattijon ya ce. Aka duba takarda, aka dubi katin, aka dubi fuskar Inna, aka buga hatimi. Muka zauna a benci cikin mata masu jiran ƙarin ruwa, wasu kansu ba gashi ko ɗaya. Ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan mahaifiyata. Inna na zaune tana jan carbi. Ta sake kira. A na uku na zungure ta da gwiwar hannu, ta ce mini da ƙarfi, "Ta zo ne?" tana waige-waigen ƙanwarta. Na ce wa ma'aikaciyar kunnenta ne ya yi nauyi. Daga ranar duk wanda zai yi wa Inna magana a asibitin sai ya ɗaga murya, ita kuma ta harare ni. A hanyar komawa masauki mun yi dariyar abin har ta riƙe wurin ɗinkin.

Na ɗauka da an buɗe fayil wahala ta ƙare. Magani uku ne a takardar likita. A zagayen farko mitiyel ta biya biyu masu sauƙi, ta ce na ukun, wanda shi ne mai tsadar, ba ya cikin jerin da suke biya. A zagaye na biyu wani ma'aikacin ya ce yana ciki mana, wa ya ce mini ba ya ciki? Sai dai farmasin da suke hulɗa da shi ba su da shi, in saya a waje in kawo rasit a mayar mini. Na sayo. Aka ce rasit ɗin ba shi da hatimin likita. Na kai aka buga, aka ce ya kamata a buga kafin saye, ba bayan saye ba. Kuɗin maganin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba, kwalbar da na saya wannan wata, wata mai zuwa ta ƙara tsada, in na tambaya a ce daga waje ake kawo ta. Na fi sau goma ina tambayar mutane daban-daban kashi nawa ne nasu, kashi nawa ne nawa, ban taɓa samun amsa iri ɗaya sau biyu ba.

Inna tana da itatuwan dabino bakwai a kwarin su, gadon ubansu. Muka sayar da uku, daga baya muka sayar da sauran. Mijina ya sayar da babur ɗinsa bai ce mini komai ba, sai ganinsa na yi yana tafiya aiki a ƙasa. Gashin Inna ya zube, harshenta ya yi baƙi, abinci ya daina yi mata daɗi sai kunun tsamiya. Amma likita ya ce jikin yana karɓar magani, ni kuma na riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Da muka je zagaye na biyar aka ce mun kai iyaka. Na ce iyakar me? Aka ce akwai adadin da ba sa wucewa wa mutum ɗaya a shekara, sai sabuwar shekara ta kama. Muna watan tara a lokacin. Na ce ba wanda ya taɓa faɗa mini. Aka buɗe littafin nan na Faransanci aka nuna mini layin, yana nan kuwa, na karanta shi sau uku a mota ban san da ni yake ba. Na tsaya a gaban tebur ɗin na rasa ko ihu zan yi ko haƙuri zan ba su. Na biyar ɗin 'yan'uwa da malaman lakwal ɗinmu suka haɗa mana, aka yi shi a makare da mako huɗu. Na shida ba a yi shi ba.

Ta rasu a asibiti a Damagaram, da hantsi, kafin sabuwar shekarar ta kama. Na tambayi likitan ko rashin na shidan ne. Ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma tun farko an zo a makare, Allah ne masani. Na so ya zaɓi ɗaya, ko da wadda za ta fi yi mini ciwo ce.

Kafin a ba mu gawa aka miƙo mini takardar rasuwa in sa hannu. Daga fayil ɗin mitiyel suka kwafo sunan, na mahaifiyata. Na gan shi sarai. Mahaifiyata tana tsaye a bayana, ta zo jinya kwana uku kafin nan, tana naɗe tabarmar da muka kwana a kai. Motar da za ta kai mu Gure tana jira, rana tana yi, ana so a yi jana'iza kafin la'asar. Na sa hannu. A Gure liman ya yi mata addu'a da sunanta na gaskiya, mutane suka ce amin. Bayan sadakar bakwai na haɗa takardar rasuwar da ragowar rasit na kai biron mitiyel, domin sun ce sai da ita za su rufe fayil su mayar da abin da ya rage. Suka yi mini ta'aziyyar uwata, na amsa.

Ban sake tunanin takardar ba sai bara, da mahaifiyata ta fara jiri da ciwon kai. Ƙannena suka kawo ta Gure, aka auna aka ce hawan jini ne, magani za ta riƙa sha kullum har ƙarshen rai. Sabon majo ne yanzu, kuma an kawo musu na'ura. Ya ce, "Madam, ba ki da mitiyel ne? Ai iyaye na ciki." Ya buga lambata, ya dubi allon, ya dube ni, ya dubi tsohuwar da ke zaune a kan gadon awo. Na ce masa innata ce, ƙanwar uwata. Ya ce ayya, su ba sa ciki. Na biya a aljihuna muka fito.

A gida na kasa cin abinci. Ta lura, amma ba ta tambaya ba, don ba ma irin wannan hirar da ita. Ni na je na same ta a tsakar gida bayan la'asar, na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, na faɗa mata cewa a wajen mutanen mitiyel ta rasu shekara biyu ke nan, kuma ni na sa hannu. Na ce zan iya komawa in faɗi gaskiya, amma za su ce in mayar da duk abin da suka biya wa Inna, wataƙila ma abin ya taɓa aikina, kuma ban san ko bayan haka za su mayar da ita cikin masu rai ba. Na ce ban san abin da ya kamata in yi ba. Ina magana ina kuka, abin da ban taɓa yi a gabanta ba.

Ta daɗe tana murza bakin zanenta, idonta a ƙasa kamar kullum.

"Ya yi mata amfani?" ta ce.

Na ce ya ƙara mata watanni, ina ji. Ban sani ba.

"To ki bar shi hakanan. Na ba Yaya ɗiya sukutum ban ce ta maido ba, suna ne zan bi ta kabari in karɓo?"

Sai ta miƙo mini ledar maganin ta ce in nuna mata wanne ne na safe, wanne ne na dare, don ita duk farare take ganinsu.